Kotun Bronx ta yanke kuɗin ciyarwa, ina Houston, yara suna Columbus: wa ke da hurumin ragewa?

Baban Sadiq (Houston):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san kan wannan lamari ya haska mini. Lokacin da muka rabu da uwar 'ya'yana a Bronx da ke jihar New York muke zaune, kotun iyali ta can ce ta yanke kuɗin ciyar da yara biyu da zan riƙa biya, kuma daga albashi ake cirewa tun kafin ya iso hannuna. Daga baya aiki ya kawo ni Houston da ke jihar Texas, ita kuma bara ta kwashi yaran ta koma Columbus da ke jihar Ohio wajen yayarta. Yanzu babu ko ɗayanmu a New York. Kamfanin da nake wa tuƙi ya rage mana lodi ƙwarai, abin da ke shigowa bai kama ƙafar na da ba, amma abin da ake cirewa yana nan yadda yake. Ba gudun ciyar da 'ya'yana nake ba, Allah ne shaidata. So nake a dubi abin da nake samu yanzu a daidaita. Kotun Houston za ta iya ragewa tunda nan nake zaune, ko sai na koma Bronx?

Alhaji Mai Tasi (Bronx):
Wa alaikumus salam. Ka je kotun garin da kake mana, ai inda mutum yake nan dokarsa take. Kuma na ji a Texas yaro na cika shekara 18 an gama, ba kamar nan da sai 21 ba. In an mayar da takardun can ka samu sauƙi biyu ke nan.

Malam Tafinta (Newark):
Alhaji, ku yi haƙuri, duka biyun ba haka suke ba, kuma in Baban Sadiq ya bi wannan hanya zai ɓata kuɗi da lokaci a kotun da daga ƙarshe za ta ce ba ta da hurumi. Ni ba lauya ba ne, tafinta nake yi a kotun iyali, amma wannan magana na sha tsayawa tsakanin alƙali da mutanenmu a kanta.

Akwai doka ɗaya kan kuɗin ciyarwa tsakanin jiha da jiha da duk jihohin Amurka 50 suke aiki da ita, ana ce mata UIFSA. An fara tsara ta a 1992. A 1996 majalisar tarayya ta ɗaura ta a wuyan jihohi, ta ce duk mai son tallafin tarayya sai ta kafa ta zuwa 1 ga Janairun 1998, sannan a 2014 aka sake tilasta musu ɗaukar gyaran da aka yi mata a 2008. Abin da ta tsayu a kai shi ne umarni ɗaya kawai ke aiki a lokaci ɗaya, kuma kotun jiha ɗaya ce ke da ikon taɓa shi. Muddin uba, ko uwa, ko yaron yana zaune a jihar da ta yanke hukuncin, wata jiha ba za ta ƙara ko ta rage ko sisi ba, sai in iyayen biyu sun amince a rubuce. Za ta iya tilasta biya, wannan kam kowace jiha tana yi, amma canza adadi a'a.

Naka ya sha bamban saboda duk kun bar New York. A irin wannan hali, mai neman canji shi ke bin ɗayan zuwa jihar da yake. Kai ke neman ragi, ita tana Ohio, saboda haka Ohio za a kai umarnin Bronx a yi masa rajista, a can za ka shigar da buƙatarka. Da ita ce ke neman ƙari, ita za ta biyo ka Texas.

Baban Sadiq (Houston):
Na gode Malam. Amma wannan bai yi mini daɗin ji ba. Ni da na zo ina kukan kuɗi sun yi ƙasa, ni ne kuma zan nemi kuɗin jirgi da masauki da lauya a garin da ban san kowa ba?

Anti Zulai (Columbus):
Baban Sadiq, kwantar da hankalinka, ba lallai ka tako ƙafarka Columbus ba. Ina taimaka wa baƙi da cike takardu a nan, na ga yadda ake yi. A Texas ofishin babban lauyan jiha ne ke kula da kuɗin ciyar da yara. Ka buɗe fayil wajensu, ka kai kwafin umarnin Bronx mai hatimin kotu da lissafin abin da ka biya zuwa yau, su ne za su tura wa Ohio. Mu nan kowace gunduma tana da nata ofishin, Columbus tana ƙarƙashin gundumar Franklin. Dokar ta yarda wanda ke wata jiha ya ba da shaida ta waya ko ta bidiyo. Abu ɗaya ka riƙe: ma'aikatan da lauyoyin ofishin nan ba naka ba ne, ba nata ba ne, aikin jiha suke yi. Kuma takarda tsakanin jiha da jiha tana ɗaukar watanni, don haka kada ka ce sai gobe.

Alhaji Mai Tasi (Bronx):
To ai ka ji. Ni dama na san duk dokokin nan don mata aka yi su. Ita ta tashi ta koma inda ta ga dama, shi kuma an ce ya bi ta.

Maman Nana (Greensboro):
Alhaji, da girmanku, wannan maganar ba gaskiya ba ce, kuma ni ce shaida. Namu a Maryland aka yanke. Ni na dawo Greensboro ta jihar North Carolina da yarinya, shi ya koma Atlanta ta jihar Georgia ya samu aikin da ya fi na da nesa ba kusa ba. Kuɗin gidan renon da nake kai Nana kaɗai ya fi abin da yake bayarwa. Na je ofishin garinmu da tunanin tunda yarinya tana hannuna, nan za a saurare ni. Aka ce a'a, ke ce mai neman ƙari, shi yana Georgia, can ƙararki za ta tafi. Ranar zaman a cikin mota na yi shi, a wajen ajiye motocin wurin aikinmu, na rufe gilashi don kada ƙarar manyan motoci ta hana alƙali jin muryata, rasitan gidan reno a baje kan kujerar gefe ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina karanta kwanan wata. Lissafin Georgia aka bi, ba na jihar da nake ba. To a ina aka fifita mace a nan? Duk wanda ya ɗaga maganar shi ke barin gida, namiji ne ko mace.

Malam Tafinta (Newark):
Abin da Maman Nana ta faɗa shi ne ainihin hikimar abin, kuma ni ina ganin ƙa'idar ta yi daidai ko da tana da ɗaci. Ku dubi yadda ake kafin ta. Tsohuwar dokar da aka fara a 1950 tana barin kowace jiha da aka kai wa ƙara ta yanke nata adadin, na farko kuma bai mutu ba. Sai ka samu uba ɗaya da umarni biyu ko uku a kansa, kowanne da kuɗinsa daban, ba wanda ya san nawa ne ainihin bashin. Mai wayo kuma sai ya tashi ya koma jihar da lissafinta ya fi yi masa daɗi ya shigar da ƙara a can. Shi ya sa a 1994 majalisar tarayya ta kafa dokar da ta wajabta wa kowace jiha mutunta umarnin ciyarwar da 'yar'uwarta ta yanke.

Akwai kuma tushe daga kotun ƙolin Amurka, shari'ar Kulko ta 1978. Uban yana New York, uwar ta koma California. 'Yarsu ta ce tana son zama wajen uwarta, uban ya yarda, ya saya mata tikiti ta tafi. Uwar ta kai shi ƙara a California tana neman ƙarin kuɗin ciyarwa. Kotun ƙoli ta ce barin yarinya ta tafi wajen uwarta bai isa ya ba California ikon jawo shi gabanta ba. Wato ba a ɗora wa mutum hukuncin kuɗi a jihar da ba shi da wata alaƙa ta ƙwarai da ita. Wannan kariyar ita ce ta kare tsohon mijin Maman Nana, ita ce kuma yau take kare uwar 'ya'yan Baban Sadiq.

Sai maganar shekara 18. Ko da Ohio ta karɓi hurumi ta canza adadi, tsawon lokacin biya yana nan a kan dokar jihar da ta fara yankewa. New York 21 take yi, to 21 ne, ko kuna Texas ko kuna Ohio. Haka yake in an juya. A shari'ar Spencer ta 2008, Connecticut ce ta yanke kuɗin, ya ƙare da yaron ya cika 18. Uwar ta riga ta koma New York da yaran, sai ta nemi kotun can ta ɗora wa uban biya har 21. Babbar kotun jihar New York ta ce ba ta da wannan hurumin, domin uban yana nan zaune a Connecticut.

Alhaji Mai Tasi (Bronx):
Na ji, na kuma ƙaru. Amma ni har yanzu tambayata ita ce, me ya kai mu kotu tun farko? Muna da limamai, muna da dattawa. Baban Sadiq ya kira yayar matar, a sa liman a tsakani, a gaya mata halin da ake ciki. 'Yar musulmi ce, za ta ce ya kawo abin da ya samu. Shi ke nan, ba Ohio ba Texas.

Ɗan Maraɗi (Harrisburg):
Alhaji, wannan hanyar ce ta cuci wani amini na, bari in ba ku labari. Shi ma haka suka yi, a gaban mutane, da fatiha da komai. Aikinsa na hannu ne, ba a cire masa daga albashi, shi ke aikawa. Matar ta ce ta yafe rabi har Allah ya buɗa masa. Ya riƙa tura mata rabin ta waya, wani lokaci in ya je ganin yara ya damƙa mata a ambulan. Babu wanda ya sanar da kotu. Da ya tashi sabunta fasfo zai tafi aikin Hajji, maimakon fasfo sai wasiƙa ta zo cewa sunansa yana cikin masu bashin ciyarwa. Duk wanda bashinsa ya haura dala 2,500 ana hana shi fasfon Amurka. A littafin ofishin, tun ranar sulhun ba su ga ya biya komai ba, domin kuɗin ba ta hannunsu ya bi ba. Na gan shi zaune da tarin takardun banki yana ja wa kowane turi layi da jan biro, na ambulan kuwa babu abin da zai nuna. Matar ba ta ci amanarsa ba, ta je ta faɗi gaskiya, amma kafin a warware kujerar ta wuce shi.

Hajiya Rabi (Bronx):
Alhaji, ku da kuke tuƙa tasi kun fi kowa sanin mita: ko mota tana tsaye a cunkoso, ita tana ƙirga. Umarnin kotu haka yake, yana ƙirga duk wata har ranar da alƙali ya sa hannu a kan sabo.

Malam Tafinta (Newark):
Hajiya ta gama magana. Tun 1986 akwai dokar tarayya da ake kira gyaran Bradley. Duk kuɗin watan da lokacin biyansa ya yi ba a biya ba, ya zama hukunci tabbatacce, alƙali ba shi da ikon komawa baya ya rage shi, ko ya tausaya maka. Iyakar inda ragi zai iya komawa shi ne lokacin da ka shigar da buƙata aka sanar da ɗayan. Ka ga ke nan duk watan da mutum ya yi yana shawara, ko yana jiran kotun da ba ta da hurumi, cikakken kuɗin tsohon umarni ake rubuta masa. Kuma in uwar ta taɓa karɓar tallafin kuɗi na gwamnati saboda yaran, wani kaso na bashin na jiha ne, ko ta ce ta yafe ba nata ba ne balle ta yafe.

Sani Zango (Worcester):
Ni dai da ni ne, sai in bar kamfanin in koma aikin da ake biya a hannu. In ba su ga albashi ba me za su cire?

Maman Nana (Greensboro):
Sani, abincin yara ake magana a kai fa. Ka sake karanta abin da ka rubuta.

Anti Zulai (Columbus):
Kuma ba ya ɓoye mutum. Duk kamfanin da ya ɗauki sabon ma'aikaci dole ya kai sunansa ga jiha, sunan ya shiga rumbun tarayya, takardar cire kuɗi ta tashi daga New York kai tsaye zuwa kamfanin Texas ba tare da ta bi ta wata kotu ba. In ka koma aikin hannu, suna riƙe kuɗin harajin da ake mayar maka, suna dakatar da lasin tuƙi, wanda ga direba shi ne abincinsa. In yaron yana wata jiha kuma mutum ya ƙi biya da gangan har bashi ya haura dala 10,000 ko ya wuce shekara biyu, babban laifi ne a dokar tarayya ta 1998. Sannan alƙali in ya ga da gangan ka rage samunka, zai yi lissafi da abin da kake iya samu, ba abin da ka nuna masa ba.

Ustaz Habibu (Indianapolis):
Ina so in tsaya tsakanin Alhaji da Malam Tafinta, domin ban ga saɓani na gaske a maganarsu ba. Sulhu alheri ne, Alƙur'ani ya faɗa, kuma ni da kaina ina zama irin wannan zaman a masallaci. Amma sulhun da zai bar ɗan'uwa da bashin da bai san yana taruwa ba, bai kammala ba. Abin da nake yi yanzu, in an daidaita sai in ce a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa kotun da ke da hurumi ta mayar da shi umarni. Ayar bashi da ke Baƙara ma rubutawa ta ce a yi.

Game da neman ragi, babu abin kunya a ciki. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Amma masu jin 21 ta yi yawa su tuna a mazhabarmu ta Malikiyya uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga yana iya nema, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Sau da yawa wannan ya wuce 21. Ciyarwar haƙƙin yaron ce, shi ya sa ma nake jan kunnen iyaye mata su yi hattara wajen cewa sun yafe.

Alhaji Mai Tasi (Bronx):
Ustaz, ban ƙi taku ba. Abin da ke ci mini rai shi ne na ga gidaje da yawa da takardar kotu ta shiga, gaisuwa ta fita. Yara su tashi suna ganin ubansu a matsayin wanda ake bi bashi.

Hajiya Rabi (Bronx):
Ni kuma, Alhaji, matan da ke zuwa ɗakina da kuka ba takarda ce ta kashe musu zumunci ba. Kiran waya ne duk ƙarshen wata, tana roƙo yana cewa sai sati mai zuwa, yara suna ji daga ɗaya ɗakin. Waɗanda ake cire musu daga albashi su ne ma na ga suna gaisawa lafiya ranar sallah, domin maganar kuɗi ta fita daga tsakaninsu. Ba na cewa kotu ta fi dattawa. Cewa nake dattawan su san doka kafin su sa baki.

Baban Sadiq (Houston):
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Malam Tafinta, tsakanina da uwar yaran babu faɗa, muna magana. In ta yarda, akwai hanyar da ta fi wannan gajarta? Kuma in Ohio ta karɓa, tabbas ragi zan samu?

Malam Tafinta (Newark):
Akwai. Ku biyu kuna iya rubuta amincewa ku ajiye a kotun Bronx cewa ta ci gaba da riƙe maganar ko da kun tashi, ko kuma ku amince a ba Texas. Amincewar dole ta shiga fayil ɗin kotu, saƙon WhatsApp ba ya wadatarwa.

Tabbas kuwa babu. Kotun da ta karɓa da nata ma'aunin za ta auna. New York tana ɗaukar kashi 25 cikin 100 na kuɗin shigar iyaye biyu a haɗe in yara biyu ne, ta raba gwargwadon samun kowa. Texas kashi 25 take ɗauka daga abin da ya rage a hannun mai biya bayan haraji. Ohio tana da jadawalinta da ke haɗa samun uwa da na uba, ga kuɗin reno da inshorar lafiya. In ka buɗe maganar, komai za a duba, adadin yana iya sauka, yana iya hawa. Ka nemi lauya ko ofishin taimakon shari'a na kyauta ya buga maka lissafin Ohio tukuna. Ka tanadi takardun albashi na da da na yanzu, takardun haraji, da wasiƙar kamfani mai nuna su ne suka rage lodi. Kuma daga ranar da Ohio ta canza, hurumin ya koma hannunta, Bronx ta fita.

Ummi (Minneapolis):
Tambaya daga gefe. Maganar riƙon yara da ziyara ita ma haka take bi?

Malam Tafinta (Newark):
A'a, wannan dokarta daban, ana ce mata UCCJEA, ita ta fi duba inda yaron ya zauna wata shida na ƙarshe da kuma kotun da ta fara yanke riƙon. Yana yiwuwa riƙo yana kotun wata jiha, kuɗi yana wata. Kuma kada wanda aka hana ganin yara ya daina biya da kansa, ya kai kukansa kotun riƙo.

Maman Nana (Greensboro):
Malam, ni ma ga tawa. Mahaifiyata ta tsufa, ina tunanin komawa Kumasi da Nana in zauna da ita. Shi kuma na ji yana shirin barin Atlanta ya koma Dallas ta jihar Texas. In haka ta faru babu kowa a Georgia, ni ba na ma ƙasar. Wa zai riƙe maganar?

Malam Tafinta (Newark):
Gyaran 2008 ya yi tanadin wannan. In ɗaya yana wata jiha, ɗayan kuma yana wajen Amurka, kotun da ta yanke umarnin tana riƙe da ikon canza shi. Tunda Georgia ce ta yi na ƙarshe, tana nan a kai ko ya koma Dallas, cirewa daga albashinsa kuma za ta bi shi can. Amma kafin ki sayi tikiti ki duba umarnin riƙo, domin fitar da yarinya daga ƙasar yakan buƙaci yardar uban a rubuce ko izinin alƙali.

Anti Zulai (Columbus):
Ki kuma bar asusun bankinki na nan a buɗe don kuɗin su riƙa shiga, ki ba ofishin Georgia adireshin Kumasi da lambar wayar da za a same ki a rubuce. In ya nemi ragi aka aika sanarwa tsohon gidanki na Greensboro ba ki amsa ba, za a iya yin zaman ba ke.